Filin Lafiyar Jiki: Tambayoyinku kan jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk hanyarsu ɗaya, wannan agara, wancan gwiwar hannu, wata kuma yaronta ne da ƙullutu a ƙasan gwiwa, sai naga gara in haɗa su waje ɗaya tunda abu ɗaya ne a ƙarƙashinsu. Ba jijiyar jini nake nufi ba, ba kuma wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ba, wannan fara mai sheƙi da tauri nake nufi, wadda ke fitowa daga ƙarshen tsoka ta je ta kama ƙashi. Kaman kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari.

Tambaya daga wani magidanci, Tudun Wada: Salam likita. Shekarana 41, ranan Lahadi da yamma muna ɗan taɓa ƙwallo da abokai na zo zan tashi da gudu kawai naji kaman wani ya harbe ni a bayan ƙafa har da ƙara, na juya ba kowa. An ɗau hoton ƙashi akace ba karaya, mai ɗori ya ja ƙafan ya shafa magani ya ɗaure yace targaɗe ne. Yau kwana 9 ina takawa da ɗingishi amma bana iya tsayawa a kan yatsun ƙafan, zafin kuma ya ragu sosai. In ci gaba da gashi ne? Kuma satin da abin zai faru ina shan maganin taifot, ban sani ba ko da alaƙa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Dan Allah ka ajiye ruwan zafin nan ka tafi asibiti cikin satin nan, gobe ma in da hali, ka nemi ganin likitan ƙashi a asibitin Shika na Zariya ko duk inda ya fi maka kusa. Abin da ka faɗa, jin kaman an harbe ka alhali ba kowa, da ƙarar, da kasa ɗagawa a kan yatsu, da shekarunka, duk alamun tsinkewar agara ne. Ban ganka ba bazan yanke hukunci ba, amma zargin yana da ƙarfi ƙwarai.

Agara ita ce jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam, tsawonta wajen santimita 15, tsokoki biyu na sha-raɓa ne suke haɗuwa su zama ita, ta sauka ta kama bayan ƙashin diddige. Duk takun da kayi ita ke ɗaga diddigenka, in kana gudu kuwa nauyin da ke bi ta kanta ya ninka nauyin jikinka sau da yawa, akwai awon da ya kai sau 12. Toh akwai wani yanki nata, daga santimita 2 zuwa 6 sama da inda ta kama diddige, jini baya isa wurin sosai, kuma nan ne ta fi tsinkewa. Waɗanda ta fi samu su ne irinku, maza daga 30 zuwa 50 masu zaman ofis ko shago duk sati sai Lahadi a fito fili. Amma har ƙwararru bata bari ba, David Beckham tashi ta tsinke a watan Maris na 2010 yana buga ma AC Milan, shi ya hana shi buga gasar kofin duniya ta Afirka ta Kudu.

Hoton ƙashi ƙashi yake nunawa, jijiya bata fitowa a ciki yadda za a ga tsinkewa, saboda haka cewa "ba karaya" gaskiya ne amma bai wanke ƙafar ba. Takawar da kake yi ma kada ta ruɗe ka, akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke bi ta gefen idon sawu suna ɗan taimakawa, su ke sa mutum ya lallaɓa, kuma jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya sau da yawa zafinta baya kai na wadda ta ɗan yage. Gwajin da likita zai maka mai sauƙi ne, zaka kwanta rub da ciki ƙafa na lilo a bakin gado, ya matsa sha-raɓarka da hannu, in agara na nan lafiya tafin ƙafar zai motsa da kanshi ya yi ƙasa, in bai motsa ba toh ta rabu. Wani lokaci har ramin ana ji da yatsa. In ana shakka sai a yi sikanin.

Abin da yasa nake gaggauta ka, tsoka kullum a cikin ja take, tunda igiyarta ta rabu sai ta dinga janye ɓangaren sama tana nisanta shi da na ƙasa. In an samu abin da wuri akwai hanya biyu kuma duka suna aiki, ko a ɗinke a tiyata, ko a sa filasta ƙafar na kallon ƙasa dan bakunan su haɗu, daga baya a koma takalmi na musamman ana rage tudun diddigen a hankali, wajen sati 8 zuwa 10. In aka wuce sati 4 zuwa 6 kuwa aikin ya zama babba, wani lokaci sai an aro wata jijiya an cike gurbin. Ina girmama masu ɗori, da yawansu gadon gidansu ne kuma mutane sun amfana da su, amma wannan ba ciwonsu bane, jan ƙafa da murza ta raba bakunan yake ƙara yi. Kafin ka isa asibiti ka daina taka ta, ka samu sanda.

Maganar maganin taifot kuma ka kyauta da ka faɗa. In siprofuloksasin ne, wanda muke ce ma sipro, ko ɗan uwanshi lebofuloksasin, toh an san wannan dangin magani yana raunana jijiya, tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mai ƙarfi a kwalinsu a kan haka. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura 60, da mai shan sitiroyid irin su firednisolon, da mai ciwon ƙoda. Wallahi abin na damuna yadda duk zazzaɓin da ya kwana biyu sai a ce taifot a miƙo sipro a kemis ba gwaji. Ka tafi da kwalin ka nuna ma likita. Duk mai shan shi kuma da yaji agara ta fara ciwo ya dakata da motsa jiki mai ƙarfi ya koma wajen wanda ya rubuta mashi a ranar.

Tambaya daga wani ɗalibi, Samaru: Likita ni abin da ke ɗaure min kai shi ne ta yaya abu mai laushi ke manne da ƙashi har a ja shi shekara 70 bai ɓalle ba? Akwai wani abu kaman gam ne a wurin?

Amsa: Ƙanena wannan tambayar ta min daɗi, dan nan ne abin mamakin yake. Ba gam, kuma ba ɗaure ta aka yi a jikin ƙashin ba, a hankali jijiyar ke rikiɗa har ta zama ƙashi.

Ita jijiya zare ne na wani furotin da ake kira kolajin, siraran zaruruwa a jere duk suna kallon hanya ɗaya, an tattara su dami-dami, ƙananan damuna cikin manya, fiye da rabin nauyinta kuma ruwa ne. Tana lanƙwasa yadda ake so amma bata miƙewa sai ɗan kaɗan, shi yasa duk ƙarfin da tsoka ta yi yake isa ƙashi bai ɓace a hanya ba. Shi kuma ƙashi ya fi ta tauri nesa ba kusa ba. Toh ka duba wayar cajarka, a ina take fara lalacewa? Ai a wuya ne kullum, daidai inda waya mai laushi ta shiga kai mai tauri, dan duk lanƙwasa da ja nan suke taruwa, shi yasa masu ƙera ta ke sa roba mai ɗan tauri a wurin. Matsalar da jiki ya warware kenan a mahaɗar jijiya da ƙashi, wadda likitoci ke kira entesis.

In aka yanka wurin aka duba a madubin likita hawa huɗu ake gani. Na farko jijiya zalla. Na biyu jijiyar ta fara cakuɗa da guringuntsi, ta ƙara tauri amma tana iya lanƙwasa. Na uku guringuntsin ya sha sinadarin kalsiyam ya daskare. Na huɗu ƙashi. Duk wannan canjin a cikin tazarar da bata wuce milimita ɗaya ko ƙasa da haka ba yake faruwa, kuma iyakar hawa na uku da ƙashi ba a miƙe take ba, a cuɗe take suna shiga juna, ga shi jijiyar tana bajewa in ta zo kamawa dan nauyin ya rabu a wuri mai faɗi. Irin wannan mahaɗar ita ce a ƙarshen ƙasusuwa kusa da gaɓa inda kusurwar ja ke canzawa kullum, agara a diddige, jijiyoyin kafaɗa, na gwiwa. A bayan diddige har wata ƴar jaka mai ruwa aka sa tsakanin agara da ƙashi da ɗan kitse dan kada su goge juna.

Akwai iri na biyu mai sauƙi, a tsakiyar dogon ƙashi, misali inda tsokar kafaɗa ke kama ƙashin damtse, nan babu guringuntsi, zaruruwan ne ke shiga tantanin da ya lulluɓe ƙashi ko su nutse cikin ƙashin kai tsaye. Waɗannan zaruruwa da suka nutse ana kiransu da sunan William Sharpey, wani masanin jiki ɗan Sikotlan na ƙarni na 19, irinsu ne ma ke riƙe haƙori a cikin raminshi.

Kuma ja ɗin nan yana gina ƙashi. Taɓa bayan kunnenka zakaji wani tudun ƙashi, jariri sabon haihuwa bashi da shi, sai ya fara ɗaga kai tsokar wuya tana jan wurin sannan yake fitowa. Yawancin tudun da kake ji a ƙasusuwanka wurin kamun jijiya ne. Abin da ya kamata ka riƙe tunda karatu kake, in wannan mahaɗar ta ɓalle aka ɗinke ta a tiyata, hawa huɗun nan basa dawowa yadda suke, tabo ne ke cike wurin, shi yasa ɗinkin jijiyar kafaɗa yakan sake ɓallewa musamman ga tsofaffi, kuma shi yasa likita ke hana mutum ɗaga hannu na makonni bayan aiki ko da baya jin zafi. Wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, wato wadda ke yagewa in an yi targaɗen idon sawu, ita ma da irin wannan tsarin take kamawa.

Tambaya daga wata uwa, Gyallesu: Likita yarona shekaranshi 13, baya da aiki sai ƙwallo daga an taso makaranta. Wani ƙullutu ya fito mashi a ƙasan gwiwa yana ciwo, ko durƙuso a sallah da ƙyar. Kakanshi tace a kai shi wajen wanzami a tsaga. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, amma dan Allah kada a tsaga, ki lallashi Inna ki ce mata ba ƙari bane ba kuma mugun jini bane a ciki, ƙashin yaron ne. Babbar tsokar gaban cinya tana sauka ta lulluɓe ƙoƙon gwiwa, ta ci gaba a matsayin jijiya ta kama wani tudu a saman ƙashin ƙwauri. A jikin babba wurin ya riga ya daskare, a jikin yaro mai tasowa kuwa har yanzu guringuntsi ne dan wurin girma ne. Yaro na tsawo da sauri, tsokar ta ɗaure, ga gudu ga tsalle ga harbin ƙwallo a ƙasa mai tauri, sai jijiyar ta dinga fizgar wurin har ya kumbura ya yi tudu. A yara jijiya ta fi wurin da ta kama ƙarfi, a manya kuma ita ce ke fara gajiya. Likitoci biyu suka bayyana wannan ciwo a 1903, Osgood a Amurka da Schlatter a Suwizalan, sunansu yake ɗauke da shi, ya fi kama maza daga 12 zuwa 15, mata kuma da ɗan wuri.

Yana warkewa da kanshi in girman wurin ya kammala, sai dai yakan ɗau watanni har shekara ɗaya ko biyu yana tafiya yana dawowa, tudun kuma yakan zauna har girma ba tare da ciwo ba. Ba sai an raba shi da ƙwallo gaba ɗaya ba, a rage ne, in ya buga har yana ɗingishi toh ya wuce iyaka ya huta kwanaki. A sa ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 bayan wasa, ya dinga miƙar da tsokar cinya, a ninka mashi darduma ko a sa abu mai laushi in zai durƙusa.

Ki kai shi a duba dai ko sau ɗaya ne. In kuma da zazzaɓi, ko ciwon na tada shi cikin dare, ko kumburin na ƙaruwa yana zafi jau, ko yana ramewa, ko yana da sikila, toh wannan wata magana ce daban kada a kwana. Haka in ya yi tsalle yaji ƙara ya kasa miƙe ƙafar, jijiyar na iya ɓalle ɓallin ƙashin ne.

Tambaya daga wata mai ɗinki, Kofar Doka: Ina da shekara 44, ɗinki nake yi ga wanki ga daka. Wata 5 kenan gefen gwiwan hannuna na dama ta waje yana ciwo, ko buta na ɗauka sai naji har cikin raina, matse wanki kam ba a magana. An min allura a wurin naji sauƙi wata ɗaya ya dawo, har fatan wurin ya yi fari. In sake yin alluran?

Amsa: Yaya sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Shawarata kada ki sake. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu duk a wannan ɗan tudun ƙashin na wajen gwiwar hannu suke kamawa, wuri ɗan ƙarami, kuma duk riƙon da kika yi da ƙarfi, almakashi, taɓarya, matsar zani, sai sun ja shi. Turawa na danganta ciwon da ƴan wasan tanis amma mu nan a wajen teloli da kafintoci da makanikai da birkiloli da masu aikin babbar riga muke ganinshi, yawanci daga 35 zuwa 55.

A da ana ɗauka kumburi ne, da aka duba naman wurin sai aka ga zaruruwan ne suka gaji suka hargitse, gyaran jiki ya kasa cim ma ɓarnar aiki. Allurar sitiroyid tana kashe zafin na makonni, amma binciken da aka bi marasa lafiya har shekara ya nuna waɗanda aka yi ma ita ciwon ya fi dawo masu fiye da waɗanda ba a yi ma ba, in aka maimaita kuma tana ƙara raunana jijiyar. Farin da kika gani a fata aikinta ne, a baƙar fata ya fi nunawa, yakan dawo a hankali.

Labari mai daɗi shi ne mafi yawan masu wannan ciwon suna warkewa cikin shekara ɗaya. Nasan ba za ki iya ajiye keke ba, da shi ake cin abinci, toh ki canza yadda kike aikin. Ki ɗauki kaya tafin hannu na kallon sama, a wasa almakashi ya yi kaifi, wanki da daka a ba yara ko a kai inji na ɗan lokaci. Sai motsa jiki, ki ɗora hannun a kan cinya tafin na kallon ƙasa kina riƙe da gorar ruwa rabin lita, ki ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, sannan ki sauke shi a hankali shi kaɗai, sau 10 zuwa 15, zagaye uku, kullum. Ɗan ciwo kaɗan ba laifi. In kin samu ganin likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓɓai da motsa jiki, ya fi. Kuma ki yi hattara da shan maganin ciwon nan dikulofenak kullum, yana cin ciki yana taɓa ƙoda.

Tambaya daga wani matashi, Sabon Gari: Wuƙa ta zame min wajen fiɗar rago ta yanke ni a cikin yatsa, aka ɗinke a wani kemis, yau kwana 5 ciwon na warkewa amma kan yatsan baya lanƙwasawa. Zai dawo da kanshi?

Amsa: Bazai dawo da kanshi ba ƙanena, ka tashi yau. Fata aka ɗinke, jijiyar da ke ciki tana nan a yanke. Mutane da yawa basu san cewa babu tsoka a cikin yatsu ba, manyan tsokokin da ke dunƙule hannu a sangalin hannu suke, dogayen jijiyoyi ne ke tafiya ta wuyan hannu da tafi har ƙarshen yatsa. Duk wanda ya taɓa jan farar jijiyar ƙafar kaza yana yaro yaga yatsun sun dunƙule ya ga yadda abin ke aiki. Kowane yatsa banda babba yana da guda biyu, ɗaya ta tsaya a gaɓar tsakiya ɗaya ta wuce ta kama ƙashin ƙarshe, taka ta ƙarshen ce ake zargi. Suna gudu ne a cikin wani matsattsen kube, in an yanke sai ɓangaren sama ya zame ya koma ciki har tafin hannu, bakunan basa taɓa juna balle su haɗe.

Ɗinkin ya fi kyau a kwanakin farko, cikin sati ɗaya zuwa biyu, in aka yi makonni tsokar ta ƙanƙance kuben ya toshe sai aiki hawa biyu da aron jijiya. Likitan hannu ko na ƙashi zaka nema, Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ka gaya masu in gefen yatsan ya mutu baka ji, dan jijiyar ji tana kusa da wurin, a duba maganar allurar tetanus ma. Bayan aiki akwai ɗaurin hannu na wajen sati 6 da atisaye na musamman, sai wajen sati 12 kafin ka ɗau abu mai nauyi, wanda ya yi wasa da wannan ko ɗinkin ya tsinke ko yatsan ya sandare.

Mahauta da masu yankan layya, duk yankan da aka yi a hannu komin ƙanƙantarshi a gwada lanƙwasa kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe.

Tambaya daga wani saurayi, Chikaji: Ina shirin neman soja na fara gudu kullum safe da yamma, yanzu agarana na ciwo da safe kuma tsakiyanta ya yi kauri. In huta gaba ɗaya?

Amsa: Naka ya bambanta da na Malam na Tudun Wada, taka gajiya ta yi bata tsinke ba. Huhu da tsoka suna sabawa da gudu cikin makonni, jijiya kuwa watanni take so, dan jininta kaɗan ne kuma sabunta kanta a hankali take yi. Wani bincike da aka yi a Denmak a 2013 ya nuna tsakiyar agarar babban mutum kusan ita ce wadda ya gina kafin ya kai shekara 17. Kwanciya gaba ɗaya bata gyara ta, tana rage zafi ne kawai ka koma gudu ya dawo. Ka rage gudun zuwa kwana uku a sati ka bar hawa tudu, ka samu takalmi mai ɗan tudun diddige. Sai atisayen da wani likita ɗan Suwidin mai suna Alfredson ya fitar a 1998, ka tsaya a bakin matakala da gaban ƙafa, ka ɗaga da ƙafa biyu, ka sauke diddigen mai ciwon a hankali shi kaɗai, sau 15 zagaye uku gwiwa a miƙe, haka kuma gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma har sati 12. In ciwon a can ƙasa yake daidai inda ta kama ƙashi toh a ƙasa mai shafe zaka yi kada diddigen ya wuce ƙasa. Kada ka yarda a maka allurar sitiroyid a cikin agara.

Tambaya daga Wusasa: Wai gaskiya ne cin agara da ganda da ƙafar saniya yana ƙara ƙarfin jijiya?

Amsa: Kolajin ne a cikinsu kam, shi ne ke narkewa in an daɗe ana dafawa har romon ya daskare in ya huce. Amma ciki narkar da shi yake yi kaman kowane nama, jiki ya raba inda yake buƙata, baya tafiya kai tsaye gwiwa. A ci in ana so. Wake da ƙwai da kifi ma suna ba da kayan ginin, kuma jiki baya iya haɗa kolajin sai da bitamin C, ga gwaba ga lemu ga tumatir. Sigari da sugan da ba a kula da shi ba su ne ke lalata jijiya a ɓoye.

Tambaya daga wani bawan Allah, Kwarbai: Mahaifiyata shekaranta 58, in ta tashi sallar asuba takun farko kaman ta taka ƙusa a diddige, in ta ɗan zagaya sai ya lafa. Hoto ya nuna wani ɗan ƙashi mai tsini a diddigen akace sai an cire.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. A tafin ƙafa akwai wani faffaɗan tantani mai ƙarfi da ya taso daga ƙasan ƙashin diddige ya baje zuwa yatsu, shi ke riƙe bakan ƙafa. Inda ya kama diddigen ne ke gajiya, cikin dare ya ɗaure, takun farko ya fizge shi. Ɗan tsinin da aka gani a hoto mutane da yawa suna da shi basa jin komai, ba kasafai shi ne ke kawo ciwon ba kuma da wuya a buƙaci cire shi, ku nemi ra'ayin likitan ƙashi kafin a yi maganar wuƙa. Kafin ta sauko daga gado ta kama yatsun ƙafar ta ja su sama ta riƙe daƙiƙa 10, sau 10, ta daina yawo ba takalmi a kan siminti, silifas ɗin nan da ya cinye ya zama falle a canza mata mai taushi da ɗan tudu, da yamma ta murza tafin ƙafar a kan gorar ruwa mai sanyi. In da ƙiba a rage a hankali, a auna suga kuma. Yakan ɗau wata 6 zuwa shekara amma yawanci yana tafiya. In saurayi ne ke da irin wannan ciwon diddigen tare da ciwon baya da ke sandarewa da safe fiye da rabin awa, shi a duba shi daban, dan akwai nau'in amosanin gaɓɓai da ke kama mahaɗar jijiya da ƙashi, maganinshi kuma ba wannan bane.